Hilin Gabas

Ranar wata Laraba bayan la'asar ƙanena ya kira ni a waya daga gida. Ko gaisuwa bai ƙarasa ba ya ce, "Yaya, an kahwa turaku ga hili." Ban tambaye shi wane hili ba. A ƙauyenmu, can cikin ƙasar Allakaye ta gundumar Buza, in an ce hili ba a ƙara komai ba, wuri ɗaya ake nufi: wani shimfiɗaɗɗen fako da ke gabas da gari, tsakanin gidajen ƙarshe da burtalin da shanu ke bi zuwa rijiya. Can na koyi buga ƙwallo, can mahaifina ya yi kokowa yana saurayi, can kuma aka yi kiɗan aurensa da innarmu. Turakun na siminti ne, guda huɗu, irin waɗanda ake kafawa in an auna wuri za a sayar.

Da aka ce kowa ya kawo rubutu kan tarihin wajensu, na so in ɗauko Adar gaba ɗayanta, da sarakunanta da yaƙe-yaƙenta. Sai na ga wannan aiki an riga an yi shi, kuma waɗanda suka fi ni ne suka yi. Djibo Hamani, wanda yau jami'ar Tawa ke ɗauke da sunansa, ya wallafa tarihin Adar ta kafin zuwan Turawa tun 1975. Ni abin da na ɗan iya shi ne bin sawun kalma, don haka na tsaya kan wannan fako ɗaya da sunayen da aka yi ta kiransa da su.

A rubuce fili ne, a bakinmu hili. Mu mutanen yamma haka muke: fage ya zama hwage, fako ya zama hwako, tafi ya zama tahi. Wani Bafaranshe, Bernard Caron, ya yi littafi guda kan Hausar Adar a 1991, kuma na ji daɗin ganin maganar kakannina cikin jadawali kamar wata babbar aba. Amma ba lafazin ne ya dame ni ba, ma'anar ce. A bakin kakana hili shi ne wurin da babu komai a kai, sarari, inda ido ke wucewa. Ana cewa "ba ni da hili" in mutum ba shi da sukuni, ana cewa "fito hili" in ana so a faɗi gaskiya. A Yamai kuwa, in ka ji an ce "wane ya yi hili", ana nufin ya sayi wuri mai kusurwa huɗu da takarda, abin da 'yan birni ke kira parsel. Kalma ɗaya ce, amma a da tana nufin abin da ba na kowa ba, yanzu tana nufin abin da mutum ɗaya ya mallaka. Tsakanin ma'anonin nan biyu akwai shekaru kamar ɗari.

A Adar ta dā ƙasa ba ita ce abin ƙwace ba. Wajen 1674 Agabba, ɗan Sarkin Agadas, ya ci Adar, kuma zuriyarsa ce ke riƙe da sarautar Sarkin Adar a Illela. Bayan haka Abzinawa iri-iri sun yi iko a yankin, Lisawan a wajen Keita, Kel Geres ta wajen Madawa, ga kuma jihadin Shehu na 1804 da ya sa Adar tsakanin Sakkwato da mutanen arewa. Duk waɗannan masu iko, abin da suke nema wurin talaka hatsi ne da dabba da mutum. Daji yana da yawa, hannun da zai sare shi ne kaɗan, kuma tsoron hari ya sa garuruwa da dama sun lafe jikin duwatsu, ba mai yin nisa da gona. Wanda ya sari daji shi ke da wurin, 'ya'yansa su gada. Kalmomin da muka gada daga wancan zamani sun nuna haka: gado, aro, kyauta, jingina. Akwai gandu na gida duka, akwai gamana ta mace ko ta saurayi, akwai saura, gonar da aka bari ta huta. Saye yana cikin harshen, amma doki ake saye, da zane, da gishiri. Na taɓa tambayar kakana, Allah ya jiƙansa, nawa kakansa ya sayi hilin gabas. Ya dube ni ya ce, "Kai ɗan lakwal, wa ka sayen hwako? Kakana ya sare shi, ya noma shi, ƙasa tag gaji, anka bash shi."

Wato hilinmu tsohuwar gona ce da ta mutu. Ruwa ya wanke ƙasar sama, ya bar doron da ko kalme ba ta kama shi. Rashin amfaninsa ne ya mai da shi na kowa.

Turawan Faransa sun shigo wajen 1900, suka kawo abin da muke kira lanho, harajin kai da ake biya da kuɗi. Kalmar ma tasu ce muka lanƙwasa. Gero ba ya biyan lanho sai an sayar da shi, kuma a ƙasar duwatsu gero ba ya yin rarar da za a sayar kowace shekara. Ga aikin dole, wanda ba a soke shi ba sai 1946. Daga nan ne tafiya ta zama sana'ar Adarawa. Wasu na cewa cin rani, mu mun fi cewa biɗa: da an gama girbi maza su nufi Sakkwato, Kano, Ikko, daga baya Abijan da Kamaru da Libiya. Na kawo wannan ne don duk abin da ya faru da hilin gabas daga baya, kuɗin biɗa na cikinsa.

Kafin maza su watse akwai 'yan makonni na kaka, kuma su ne rayuwar hilin. Hatsi ya shiga rumbu, dare ya yi sanyi, wata ya fito. Mahaifina ya ce samarin gari kan aika wa na wani gari goro, su zo da makaɗansu, a yi da'ira, a zuba yashi daga korama don kada fako ya fasa wa mutum kai. A wannan daren wurin ba hili ba ne, hwage ne. Ɗan kokowa ya fito da walki da layu, ya yi kirari, a fito masa da daidai shi. Wanda ya yi kaye ba ya samun komai sai goro da ɗan abin da aka manna masa a goshi, da sunan da 'yan mata za su sa a waƙa. Washegari da dare 'yan matan su karɓe wurin, ya koma dandali. Bayan kwana biyu mata su kawo dammunan gero su yi sussuka a gefensa, ya zama masussuka. Suna huɗu, wuri ɗaya, kuma kowane suna yana faɗin abin da ake yi ne, babu wanda ke faɗin mai shi.

Aure ma a lokacin ake yi, don lokacin ne ake da hatsi kuma ango bai tafi ba. Ba wanda ke duba ko Asabar ce ko Talata. Suna ranar bakwai ne, duk ranar da ta faɗo. Mako kuwa kasuwa ce ke juya shi: kowane babban gari da ranarsa, mai jaki ya san inda zai kwana kowane dare. Kasuwar Tawa Lahadi take ci, ranar da ma'aikacin gwamnati ke hutu ita ce ranar da ɗan kasuwa ya fi wahala. Abin dariya, Lahadin nan da yanzu muke kira ƙarshen mako, sunanta daga Larabci yake, kuma ma'anarsa ta farko. Ita kuma kalmar sati, da muke faɗi kamar tamu ce tun fil azal, daga sunan Asabar na Turancin Ingilishi ta fito, ta shigo mana ta Najeriya.

Shekarun 1974 da 1975 su ne mararraba. Fari ya ci dabbobi da mutane, sojoji suka kifar da Diori Hamani ranar 15 ga Afrilun 1974, Seyni Kountché ya hau. A watan Disamba na shekarar ya yi jawabi cewa duk wanda ke noma gona, ko ta wace hanya ta zo hannunsa, ta zauna hannunsa. Niyyar ita ce a kare talaka daga masu sarauta, amma abin da ya biyo baya a ƙauyuka da dama shi ne tsoron ba da aro. In ka ara wa mutum gona, wa ya sani ko za ta dawo? Masu saura suka fara bin ta da garma ko da ba za su samu komai ba, don dai a ga hannunsu a kai. Hilin gabas ya tsira daga wannan ne kawai saboda ba ya nomuwa.

A 1975 gwamnatin ta ɗauki kokowa daga dandalin ƙauye ta kai ta fagen ƙasa. A Tawa aka yi gasar farko, Kantu na Maraɗi ya zama sarki. Daga nan sunaye suka fara yawo a rediyo: Kantu, Salma Ɗan Rani na Doso, Kadade namu na Tawa, da muryar Sagalo yana yi musu waƙa. Yau jihohi takwas ke kawo 'yan kokowa goma-goma, ana zagayawa da gasar daga babban birnin wannan jiha zuwa na waccan, sarki ya tafi da takobi da miliyoyi. Issaka Issaka na Doso ya fi kowa yawan ɗaukar takobin. Ina son gasar nan kamar kowane ɗan Nijar, in ana yin ta ko darasi ba na ganewa. Amma ina ganin ta canza wa kokowar ƙauye matsayi. A da karon kaka shi ne magana, wanda ya kada gwanin garin maƙwabta ya gama suna. Bayan 1975 ya zama matakin farko na tsani, mai ƙarfi yana duban Buza, daga Buza yana duban Tawa. A zamanin ne kuma aka farfaɗo da samariya, hilinmu ya samu suna na biyar, hilin samariya. Can ake taruwa in baƙon gwamnati zai zo, can ake shirya gayya. A lokacin ne dattawa suka je wurin kakana, tun da kowa ya san tsohuwar gonar gidanmu ce, suka nemi izni. Abin da ya faɗa musu kowa ya haddace shi: "Na bar ma gari." Ba a rubuta ba. Wa zai rubuta?

Sai fako ya yi daraja, abin da kakana bai taɓa zato ba. Tun 1975 aka fara dasa layukan dogon yaro a kwarin Majiya don tare iska. Bayan yunwar 1984, wadda mutane suka laƙaba wa sunan Buhari saboda rufe iyakar Najeriya da ya yi a shekarar, sai babban aikin Keita ya kankama da kuɗin Italiya da hannun FAO. Kakata ta wajen uwa 'yar ƙasar Keita ce, ta yi wannan aiki. Maza sun tafi biɗa, mata ne suka ɗauki duwatsu a ka suna jera su a gangaren tudu, ana biyansu da abinci. Takan nuna mini tsakiyar kanta ta ce, "Maigida, taɓa nan ka ji, dutsin Keita na." A wajen Illela da Badagishiri kuma manoma suka kama haƙa tassa, 'yan ramukan da ake zuba wa taki su riƙe ruwan sama, sai ga gero ya tsaya a inda ko ciyawa ba ta fita. Da mutane suka ga matacciyar ƙasa tana tashi, suka fara sayen ta. Nan ne, a ganina, saye ya shiga jerin gado da aro da jingina da ƙafar dama. Aikin ya ciyar da mutane, ba mai musun wannan. Sai dai daga ranar babu sauran wurin da za a ce ba shi da amfani, kuma wurin da ke da amfani ba a rasa mai shi.

Sauran ya zo da sauri. A 1993 aka kafa dokar ƙasar karkara, aka yi kwamitocin da ake kira Kofo, daga gunduma har ƙauye, masu ba da takardar shaidar gado ko saye ko kyauta ko aro ko jingina. A Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi. A 2004 aka yi zaɓen ƙananan hukumomi, Allakaye ta samu majalisarta da magajin garinta. Mutane sun ƙaru, gidan da ya ɗauki mutum goma ya koma na talatin. Ɗan biɗa da ya dawo daga Abijan ba doki yake so ba kamar kakansa, so yake ya yi ɗakin siminti da rufin kwano da ƙofar ƙarfe, a bakin hanya, inda za a gani. Cikin gari ya cushe, gona ba a ginawa a kanta in ana da yadda za a yi. Ina ya rage? Fako mai tauri, shimfiɗaɗɗe, kusa da gari, wanda ruwa ba ya kwanciya a kai. Duk abin da ya sa ya dace da kokowa shi ya sa ya dace da gini.

Mu da muka taso bayan 2000 ƙwallo muka tarar. Kokowa tana nan, amma ta koma ta lokacin takobi, in an gani a talabijin yara su fito su gwada kwana biyu. Lokacin da Mena ta je gasar cin kofin Afirka karo na farko a 2012 ina ƙaramin yaro, kuma na tuna yadda muka kafa sandunan gola da itacen da muka sato daga dangar wani tsoho. Lakwal ce ta kawo mana Asabar da Lahadi, don ranakun ne ba karatu, ranakun ne ake karawa da yaran wani ƙauye. Yanzu har aure ya bi. A Yamai kowace Asabar sai ka ga an toshe titi da rumfa da kujerun roba, saboda gidan parsel ba shi da tsakar gidan da za ta ɗauki biki, unguwar kuma an yanka ta kaf ba a bar dandali ba. A gida ma an fara sa ɗaurin aure Asabar don malamin makaranta da ɗan jami'a da ma'aikacin da ke Tawa su samu zuwa. Nawa laifin ke nan: auren ƙanwata an ɗaga shi daga Alhamis saboda ni.

To, wanda ya kafa turakun baffana ne, ƙanen mahaifina. Ba mugun mutum ba ne, kuma ba na so a karanta wannan a ɗauke shi haka. Ya yi shekaru a Libiya, yaƙin 2011 ya koro shi da rigar jikinsa kawai. Yana da 'ya'ya maza uku da suka isa aure, gonar da ya gada ba ta kai su watan biyar. Wani ɗan garinmu da ya yi arziki a Abijan ya taya gefen hilin da ke bakin hanya, kuɗin da ya faɗa sun fi abin da baffa zai samu a damina da yawa. Da na je gida hutu aka zauna a zauren maigari. Mahaifina ya ce tsoho ya bar wa gari, magana ta ƙare. Baffa ya ce, "Yaya, bari dai yac ce, bai ce ya ba su ba. In na bar maka jakina ka kai kaya kasuwa, naka ya zama?" Zauren ya yi tsit. Wani dattijo ya juyo ya ce, "Kai da kaka karatun Hausa, mi kac ce?"

Na so ƙwarai in ce baffa ya yi kuskure, amma harshen bai ba ni wannan dama ba. Bari yana ɗaukar duka biyun. Wanda ya mutu ya bar wa 'ya'yansa gida, ya bar shi har abada. Wanda ya bar maka tabarmarsa ka zauna, zai dawo ya naɗe abarsa. Kakana ya zaɓi kalmar da ba ta yanke ba, kuma ina zaton da saninsa, don a zamaninsa ba a bukatar yankewa: gari na amfani, gida na da suna, ba wanda ya rasa komai. Takarda ce ba ta san wannan ba. Ita tambayarta ɗaya, kyauta ne ko aro, ta wane ce. Abin da na faɗa a zauren shi ne, shekara kusan hamsin gari na shiga wurin ba a taɓa kai wa gidanmu ko damin gero ba, alhali mai aron gona yakan kai ɗan wani abu bayan girbi don a san aro ne. Baffa ya ce ai fako ba ya ba da dami, me za a kai? Wannan ma gaskiya ne.

Ni dai ina bayan mahaifina, ko da yake na san da sauƙi mai cin abincin jami'a ya ce kada a sayar. Burtalin da ke gefen hilin ba mai taɓa shi, saboda makiyaya sun yi ta rigima a kansa har kowa ya san iyakarsa. Wurin wasan yara da rawar 'yan mata ba shi da masu yi masa rigima, don masu amfani da shi ba su ne ke zama a zaure ba. Ranar da aka yi zaman babu mace ko ɗaya, babu wanda bai kai shekara ashirin ba.

Ba a yanke hukunci ba. Maigari ya ce a jira sauran 'yan'uwan mahaifina biyu da ke Kamaru su dawo kafin shuka, tun da su ma magada ne, kada a zuba ko bulo ɗaya kafin nan. Mai sayen ya riga ya ba da rabin kuɗi, baffa kuma ya riga ya kai kayan auren babban ɗansa da su. Turakun suna nan inda aka kafa su. Ranar Asabar ɗin da zan komo Yamai na bi ta wurin da safe, na tarar yara sun matso da gola ɗaya ciki, filin ya gajarce ta gefen hanya, kuma ɗaya daga cikin turakun ne suka mayar sandar gola, suka ɗora dutse a ɗaya gefen. Ƙanena ne mai tsaron gida. Ya ce turken ya fi itace, ba ya faɗuwa in ƙwallo ta buge shi.